Ruwan Baƙon Hawainiya

Ga ta nan, ga ta a gabanku.

Ta iso mu ji ta.

A cikin kan Hawainiya akwai ɗakuna biyu da ƙofa a tsakani. 'Yan'uwa mata biyu ke zaune a ciki. Yaya na ɗakin dama, tana juya hannun hagu na Hawainiya. Ƙanwa na ɗakin hagu, tana juya na dama. Wata rana suka yi faɗa, suka rufe ƙofar.

Sai ga Ƙadangare, saurayin Hawainiya, sarkin gajen haƙuri, ya zo zance. Ta kawo masa ruwa a ƙoƙo da hannu biyu, yadda ake yi wa baƙo. Hannun dama ya miƙa, na hagu ya janye, ruwa ya zube.

Ƙadangare ya gyaɗa kai ya ce, "In ba a so na, a faɗa mini in kama hanya."

Ƙanwa ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Yaya, fushinki zai hana mu miji."

Yaya ta buɗe ta ce, "Ke kika fara! To, in na ce ɗaga, ki ɗaga."

Hawainiya ta sake ɗebowa, ko ɗigo bai zuba ba. Ƙadangare ya sha, ya gyara zama.

Shi ya sa har yau Hawainiya kan ɗaga ƙafa ta dakata, sai an gama shawara a ciki.

Ƙurunƙus kan ɗan tsako!