Tsakiyar Burodin Nazife

Dalilin da ya sa fararen tsuntsayen nan da kuka gani a wayata suke bin jiragen ruwa a Istanbul, suna kuka kamar an ci musu amana, shi zan faɗa muku yau. Sagir, daina ƙorafin an gutsuri tsarabarka, ka kuma cire ta daga hannu, ba awarwaro ba ce. Burodi ne mai huda, a can simit suke ce masa, tsuntsayen kuma marti. Sau shida na je saro kaya garin nan, ban taɓa haye ruwansa a jirgin ruwa ba sai da suka raka ni.

Shi garin ruwa ne ya raba shi biyu, rabi a Turai, rabi a Asiya. Yanzu akwai gadoji, har da jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin teku, wanda ni dai sau ɗaya na shiga, ina salati har muka fito. A da can babu ko ɗaya, mai son hayewa sai ya nemi mai kwalekwale. A lokacin marti ba ruwansu da mutane. Suna zaune a duwatsun wata hasumiya da ke tsaye a cikin ruwa, suna kamun kifinsu. Burodin garin kuwa cikakke ne kamar gurasa, an barbaɗe shi da riɗi, babu huda.

To, akwai wani mai kwalekwale ana ce masa Dursun, a unguwar Uskudar da ke ɓangaren Asiya. Mutumin kirki ne, ga ƙarfin damtse, sai dai bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Matarsa Nazife ita ke gasa burodin da fasinjojinsa ke karyawa da shi. Sau biyu tana haihuwa, 'ya'yan ba su zo da rai ba, don haka da ta sami ciki na uku Dursun ya shiga fargaba, ko tsintsiya ba ya barin ta ɗauka.

Wata safiya a tsakiyar hunturu naƙuda ta zo da gardama. Maƙwabta suka duba suka ce ɗan a karkace yake, kuma ungozomar da ta iya gyara irin wannan, tsohuwa Zekiye, tana can tsallaken ruwa. Dursun ya zari burodi ɗaya ya cusa a riga, ya faɗa kwalekwale. Ya isa lafiya, ya tarar da tsohuwar tana shan shayi, ya kusa ɗauko ta har da kujerar.

A dawowa ne aka sami matsala. Suna tsakiyar ruwa hazo ya sauko, fari fat, mai sanyi. Manyan masallatan garin da dogayen hasumiyoyinsu, waɗanda masu tuƙi ke saita hanya da su, duk suka ɓace. Shi kuwa ruwan wurin ba a tsaye yake ba, gudu yake kamar kogi. Wanda ya kuskure mashiga, sai ya tsinci kansa a babban teku. Dursun ya tuƙa dama, ya tuƙa hagu, har ya rasa inda gabas take. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san Nazife na can tana jira.

Zekiye ta gyara mayafi ta ce, "Ɗana, ko dai ka kai ni wurin matarka, ko ka mayar da ni in ƙarasa shayina."

Ya ci gaba da tuƙi yana hawaye.

Ana cikin haka wata tsohuwar marti ta sauka a goshin kwalekwalen. Ƙanshin riɗi ne ya jawo ta. Tsinin bakinta ya gutsure, kifi ya daɗe da fin ƙarfinta, duk ta rame. Dursun, duk da halin da yake ciki, ya ɓalli gefen burodin ya jefa mata. Ta tsattsaga, ta tsattsaga, ɓawon ya ƙi. A zamanin nan tsuntsaye na magana idan ta kama. Ta dube shi ta ce ta ga alamar ya ɓata, kuma ita ko ido rufe ta san hanyar Uskudar.

"Zan kai ka," in ji ta. "Amma ɓawo ba nawa ba ne. Tsakiyar nake so, mai laushin."

"Tsakiyar wannan kaɗai?" in ji Dursun. "Ki kai ni wurin matata, tsakiyar duk burodin da zai haye ruwan nan taki ce, ke da jikokinki."

Zekiye ta mintsine shi, ta ce guda ɗaya aka roƙe shi ya kyautar da na gari duka. Amma magana ta riga ta fita, tsuntsuwa kuma ta ji.

Ta cinye tsakiyar, ta tashi ta kira danginta. Suka jera a cikin hazon, wannan gaba da wannan, tun daga kwalekwalen har mashigar Uskudar. Ta farko ta yi kuka, Dursun ya tuƙa zuwa gare ta, ta gaba ta karɓa. Ba ya ganin kowa, kunnensa kawai yake bi, har katakon kwalekwalen ya daki tudu. Ya goya Zekiye ya ruga da ita gida, tana dukan bayansa tana cewa ya sauke ta ƙafafunta lafiya lau.

Ta shiga ɗaki, ta kori kowa. Kafin azahar aka ji kukan jaririya, uwa lafiya, 'ya lafiya. Suka sa mata suna Deniz, wato teku. Dursun ya zauna a bakin ƙofa ya yi ta kuka, ya fi jaririyar.

Da Nazife ta warware ya faɗa mata alkawarin da ya ɗauka, yana sunkuyar da kai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko ɗan ƙaramin kofin shayinsu na gilashi, ta kifa bakinsa a tsakiyar kowane burodi ta ƙwaƙule, ta tara a kwando. Kullum idan Dursun ya kai tsakiyar ruwa sai ya watsa, marti su taso su cafe tun bai faɗi ba. Shekara da shekaru ba ta taɓa fashi ba.

Mutane kuma sai suka so burodin mai huda, ga daɗin riƙewa, ga shi ana jera shi a sanda. Sauran masu gashi suka kwaikwaya, amma da wayonsu. Suka ce me zai sa a yi asarar tsakiya? Sai suka riƙa murza ƙullun kamar igiya suna haɗa bakinsa, ya fito da hudarsa tun daga tanda. Bayan Nazife ta rasu, duk garin aka koma haka.

Marti suka zo karɓar rabonsu, suka tarar da huda, babu tsakiya. Suka bi jirgi suna kuka, "Hani? Hani?" Da Turkanci ma'anarsa, "Ina yake?" Fasinjoji suka dubi burodin hannunsu, kunya ta kama su. Deniz, wadda a lokacin ta zama tsohuwa, ita ta fara ɓallar gefen nata, ta murtsuke shi ya yi laushi, ta cilla sama. Sauran suka bi.

Shi ya sa har yau, duk da kwalekwale ya zama ƙaton jirgi mai inji da mai sayar da shayi a ciki, marti ba su daina binsa suna tambaya ba, mutane kuma ba su daina ba su ba. Na ga magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallon tsallaken nan da na tsallaken can, waɗanda ko gaisawa ba sa yi ranar wasa, sun jeru a gefen jirgi suna jefa musu tare.

Naka ma, Sagir, a Uskudar na saye shi, ka ga ke nan ya haye ruwan. Giɓin da kake ta mita a kai ba ɓera ba ne, kuma ba ƙanwarka Ummita ba ce. Ni na ɓalla, na ba masu shi.