Distiributar da Ta Ƙi Fita

Akwai wani mutum, dattijo, ana ce da shi Baba Irmiya. Yana da wata tsohuwar mota wadda ta girmi dukan 'ya'yansa, kowace safiya kuwa sai ya goge ta kafin ya wanke fuskarsa. In ka yi kuskuren yaba ta, to ka nemi wurin zama, gama sai ya gaya maka shekara arba'in ke nan ba wanda ya taɓa kwance mata ko noti ɗaya a cikin inji.

Mutumin nan yana da 'ya mai suna Damaris, bakanikiya ce, da garejinta a bakin tasha. Direbobi layi suke yi a wurinta. Amma ubanta bai taɓa barinta ta ɗaga murfin injinsa ba, don yana jin kunyar sana'ar. In an tambaye shi aikinta sai ya ce, "Tana 'yan buge-bugenta a gari."

Ana nan sai auren jikarsa ya taso. Baba Irmiya ya miƙe a gaban dangin ango, ya ce a motarsa za a kai amarya coci ranar Asabar. Ranar Litinin motar ta yi tari sau biyu ta mutu.

Ya aika aka kira wani shahararren bakanike. Mutumin ya duba ya ce matsalar a distiributa take, wato abin nan da ke raba wa fulogogi wuta, kowanne a lokacinsa, kuma sai an cire ta za a gyara. Ya kwance noti, ya ja, ya murɗa, har gumi ya jiƙa masa riga. Ina! Tsatsar shekara arba'in ta haɗe ta da inji. Sai ya ɗauko guduma.

Baba Irmiya ya ce, "In ta fashe fa?"

Bakaniken ya ce, "Sai a nemi wata." Su biyun kuwa sun san an daina ƙera irinta tuntuni. In ta fashe, mota ta zama akurkin kaji, maganar dattijo kuma ta faɗi ƙasa a gaban surukai.

Damaris tana tsakar gida tana taya mata aikin biki, ta ji kome. Ta fito ta durƙusa ta ce, "Baba, a ajiye gudumar. Ka ba ni kwana uku."

Bai ce i ba, bai ce a'a ba, ya juya ya shige ɗaki. Wanda ya san dattawanmu ya san izini ke nan.

Ta ɗauki ƙusa ta ja alama a wuyan distiributar da jikin inji, don ta san daidai inda take zaune. Sa'an nan ta haɗa man birki da kananzir, ta ɗiga a gindinta, ta koma wurin girki. Da rana ta sake ɗigawa, da yamma haka. Wani lokaci ta ɗan ƙwanƙwasa da ƙotar itace, a hankali, kamar mai tashin jariri. Maƙwabta suna wucewa suna cewa, "Damaris, shuka kika yi ne kike ban ruwa?" Ita dai ta ci gaba da ɗiga manta.

Ranar Laraba abin ya motsa, bai fi faɗin gashi ba. Ba ta ja ba, ta ƙara mai. Ranar Alhamis ta juya ta hagu, ta juya ta dama, sai ga ta ta taso a hannunta lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ta wanke, ta gyara, ta mayar da ita daidai kan alamar. Baba Irmiya ya murɗa makulli sau ɗaya, inji ya tashi.

Ranar Asabar Baba Irmiya ya miƙa mata makullin da bai taɓa ba kowa ba. A ƙofar coci surukai suka kewaye motar suna yabo, sai ya ɗaga murya ya ce, "Ba motar za ku kalla ba. Waccan da ke riƙe da sitiyari 'yata ce, bakanikiya ce, duk garin nan babu hannu irin nata." Damaris ta sunkuyar da kai tana share ido da bakin ɗankwali. Ni da nake ba ku labarin, ina alfahari da ita ƙwarai, ba na kuwa ɓoyewa.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Distiributar ita ce zuciyar mutumin da ya daɗe a ra'ayi ɗaya ba wanda ya isa ya taɓa shi, tsatsar kuwa girmankai ne. Gudumar ita ce baƙar magana da gori da tonon silili, waɗanda muke saurin ɗauka don mun gaji. Man nan shi ne addu'a da ladabi da alherin da ake yi yau, a sake gobe, ko ba a ga motsi ba. Kada ku manta da alamar ƙusa. Damaris ba ta cire abin don ta jefar ba, ta cire ne don ta mayar da shi mazauninsa. Wanda ya yi nasara a kan ubansa ya bar shi cikin kunya bai gyara kome ba. Haka Ubangiji ya yi da mu, shekaru yana ɗiga mana alheri muna maƙale, bai farfasa mu ba.

Na san a cikinku akwai mai wani a gida wanda ya ƙi motsi, uba ne, ko miji, ko ɗa. Wataƙila gudumar tana hannunka tun jiya. Ka ajiye ta. In ya fashe, ba inda za ka samo wani.