Ranar da Gara ta Bar Dalar Zoza

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya keɓe wasu bayinsa da asirin da bai ba kowa ba. Daga cikinsu akwai shehinmu na ƙasar Karaye, masanin Fiƙihu da Tafsiri, mai tsentseni da gudun duniya, wanda ko akuya ba a taɓa jin ya daka wa tsawa ba, Allah ya ƙara masa yarda. Karamominsa suna da yawa, amma wadda mutanen Zoza ba sa gajiya da faɗa ita ce ta dalar Mijinyawa.

Idan aka ce dala, Bakano dutsen cikin birni yake tunawa, tsoho ya tuna kuɗin da, ɗan makaranta kuwa siffar nan ta darasin lissafi mai faɗin gindi da tsinin kai. Shi Mijinyawa buhuna yake gani, domin a wurin mahaifinsa, wanda ya yi dako zamanin dalar gyaɗa, ya koyi jera su hawa-hawa, kowane sahu ya ɗan shige ciki, har a ƙare da buhu guda a ƙoli. Gwani ne, amma fa akwai ji da kai, ba a gyara masa.

Wata shekara gyaɗa ta yi albarka, manoman Zoza suka haɗa baki ba za su sayar da ita da kaka ba sai ta yi daraja, ga shi babu ɗakin ajiya, sai suka danƙa wa Mijinyawa aikin. Ya zaga bayan gari ya ga wani tsohon suri a kan tudu, ya ce ai matacce ne, ƙasarsa kuwa ta fi siminti tauri. Ya sa aka baje shi, aka daɓe, ya tayar da dala a kai, abin sha'awa. Buhunan da suka fara isowa na Hajo ne, wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, saboda haka nata ne a can ƙasa.

Ashe surin da ransa. Wata safiya Mijinyawa ya ɗaga tamfol, sai ya ga jar ƙasa ta yi hanyoyi a jikin buhunan gindi. Gara ce. Magani ba zai kai ƙarƙashi ba, kuma kafin a sauke wannan tulin gara ta gama da abincin marayu, in kuwa gindi ya zube dala duka za ta biyo. Hajo da ta zo ba ta zage shi ba, kallonsa kawai ta yi, abin da ya fi zagin ciwo.

Mutumin da bai saba durƙusa wa kowa ba ya hau babur sai zauren shehi, ya zube ya faɗi komai. Shehi, Allah ya ƙara masa kusanci, ya rufe littafinsa ya biyo shi. Da hantsi suka iso, jama'a ta yi cirko-cirko. Shehi ya zaga dala a natse yana motsa leɓe, ya sa aka tara busasshen kara can nesa a gindin wani kututture, sannan ya tsuguna ya dafa buhun Hajo.

"Bayin Allah," in ji shi, "mun rushe muku gida, ku gafarce mu. Wannan na marayu ne, ga naku can."

Kowa ya san gara ba ta son rana. Amma wallahi ranar, da rana tsaka, ta riƙa ɓullowa daga ƙarƙashin dala, fara sol, sahu-sahu, ta ratsa fili ta bi ta tsakanin ƙafafun mutane ta nufi karan nan. Kaji suna wurin, ko ɗaya ba ta kai baki ba. Aka ɗauki kabbara, mata suna guɗa, Mijinyawa yana kuka kamar yaro.

Da gyaɗa ta yi daraja, motoci suka zo aka fara saukewa daga ƙoli, Mijinyawa bai yarda kowa ya taɓa sahun ƙarshe ba. Shi ya ɗaga buhunan Hajo da hannunsa, yana kakkaɓe jar ƙasa yana juya su, bai sami huda ko ta allura ba. Ya garzaya ya kai wa shehi albishir, yana zuba godiya. Shehi ya dube shi ya ce, "Mijinyawa, ka ƙara musu karan kuwa?"

Tun daga nan duk kaka sai an ga Mijinyawa da damin kara a ka ya nufi kututturen.

Tsarki ya tabbata ga Allah da ya hore wa waliyyansa halittunsa manya da ƙanana. Ya Ubangiji, ka ɗaukaka darajar shehinmu, ka yayyafa mana albarkarsa a gonakinmu da zuriyarmu, ka tashe mu a sahunsa. Amin.