Haƙori Biyu Tsakanin Habila da Gida

Akwai wani mutum mai suna Habila, direba ne, yana zaune a wani babban birni tare da matarsa Rifkatu da 'ya'yansu mata biyu. Shi ne autan uwarsa. Ƙauyensu yana can nesa a gindin duwatsu, tafiyar yini guda a mota, inda kwalta take ƙarewa a hau burji, burjin ma ya ƙare a bi hanyar shanu.

Shekara tara ke nan rabonsa da gida. Ba faɗa aka yi ba, ba kuma wanda ya kore shi. Kowace shekara yakan ce, "In an yi girbi zan je." In an yi girbi sai aiki ya yi yawa, ya ce, "Bari Kirsimeti ta zo." Haka shekaru suka yi ta shuɗewa. Amma zuciyarsa ba ta taɓa barin gidan ba. In yana tuƙi ya ji ƙanshin hayaƙin kara daga wani ƙauye a bakin hanya, sai ya rage gudu, ya sauke gilashi, ya tuna uwarsa tana tuƙa tuwo tana rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa.

Wata rana yayarsa ta kira shi a waya daga ƙauye, ta ce, "Auta, idon Inna yana rufewa. Na hagu ya tafi tun bara, na dama ma dishi-dishi take gani da shi. Ta ce ba ta roƙon Ubangiji komai yanzu, sai dai ta ga fuskarka da ta jikokinta kafin hasken ya ɗauke."

Habila ya ajiye wayar, ya ce wa matarsa, "Ki haɗa kaya. Gobe za mu tafi."

To, motar haya ba ta shiga ƙauyensu, ga mata da yara da kaya. Sai dai tsohuwar motarsa. Ita kuwa motar, 'yan kwanakin nan in aka tayar da ita da safe sai injin ya yi ta wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Habila ya san abin da ke damunta. A cikin injin akwai wata sarƙa da makanikai suke kira taimin. Tana zagaye da faifai biyu masu haƙora, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Na ƙasa yana juyawa da ƙarfin fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin. Na sama shi ne ke buɗe bawul yana rufewa, wato 'yan ƙofofin da mai da iska suke shiga, hayaƙi yake fita. Sarƙar nan ita ce take sa su tafi tare. Tasa ta tsufa ta saki, ba za ta kai shi gindin duwatsu ba.

Ya je kasuwa ya sayo sabuwa, ya biya wurin maƙwabcinsa Baba Filibus, wani tsohon makaniki da ya daina fita gareji amma hannunsa bai manta aiki ba.

Baba Filibus ya ce, "Yau da gobe ina wurin jana'izar surukina. Jibi da safe zan zo mu sa ta tare."

Habila ya ce, "Baba, jibi ya yi nisa."

Mutumin da ya yi shekara tara yana cewa gobe, yau ga shi kwana biyu sun gagare shi.

Ya koma gida ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya kwance gaban injin da kansa, gama ya sha ganin ana yi. Da ya zare tsohuwar sarƙar, faifan sama ya ɗan zabura ya gota. Ya gani da idonsa. Ya kuma taɓa jin cewa akwai alamomi da ake dubawa. Ya leƙa, ya ga faifan duka biyu baƙi ƙirin da dattin tsohon mai, bai ga komai ba. Ya ce a ransa, "Sarƙa sabuwa ce, ta kuma zauna daram a kan haƙora. Me ya rage?" Ya mayar da murfi, ya ɗaure notuna tamau.

Kafin la'asar Rifkatu ta gama haɗa kaya: turmin atamfa domin Inna, da sabulu, da man shafawa, da ganyen shayi. An yi wa yaran sabon kitso. Habila ya wanke hannu ya shiga mota ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya girgiza, ya yi wata ƙara ta salansa kamar an harba bindiga, ya mutu.

Kashegari ya tashi da sassafe ya canja filogi, wato abin da ke ba injin wuta. Ya aro batir. Ya zuƙe man tanki ya zuba wani, ko akwai ruwa a ciki. Maƙwabta suka taru suka tura. Motar takan tashi, ta yi ta rawar jiki kamar mai zazzaɓi, amma ko ɗan tudun ƙofar gida ta kasa hawa. Da rana ta take, maƙwabta suka yi masa sannu suka watse.

Yaran suna zaune a kan jakunkuna a inuwar katanga, sanye da kayan tafiya tun safe. Ƙaramar, wadda ba ta taɓa zuwa ƙauyen ba, ta ce, "Baba, in mun makara, Kaka za ta iya ganinmu?"

Habila ya zaga bayan motar inda ba za su gan shi ba, ya zauna a ƙasa, ya jingina da taya. Ya rufe ido yana neman fuskar uwarsa, sai ya tarar fuskar da ya sani ta shekara tara da suka wuce ce, bai san yadda take a yau ba. Ya ce, "Ya Ubangiji, ba yawon banza zan tafi ba. Uwata nake so in gani. Don me ka tare mini hanya?"

A rana ta uku da safe Baba Filibus ya shigo da 'yar jakar sifanunsa. Ya sa Habila ya tayar da injin, ya karkata kai yana saurare kaɗan, sa'an nan ya ɗaga hannu ya ce, "Kashe shi." Ya dubi Habila ya ce, "Ɗana, da ka sa sarƙar, ka daidaita alamomin?"

Habila ya ce, "Ban ga wata alama ba, Baba."

"Ka wanke wurin ka duba?"

Habila ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya ce, "Kwance shi."

"Baba, wannan fa aikin yini guda ne."

"Yini guda ne. Amma in ka ci gaba da tilasta masa a haka, abin da za ka lalata a ciki ba a yini guda za a gyara shi ba."

Habila ya kwance duk abin da ya ɗaura, noti bayan noti, zuciyarsa tana ƙuna. Baba Filibus ya tsoma tsumma a kananzir ya goge faifan ƙasa a hankali. Sai ga wani ɗan ɗigo ya fito a jikin ƙarfen, bai fi ƙwayar gero ba, kusa da shi kuma ga wani ɗan tsagi a jikin injin. Ya goge na sama, shi ma ga ɗigonsa, ga tsaginsa.

Ya ce, "Ka gan su? Wanda ya ƙera injin ne ya sa su tun ranar da ya ƙera shi. Ba ni na sa ba, ba kai ba. Kowane ɗigo sai ya fuskanci tsaginsa, na sama da na ƙasa a lokaci ɗaya."

Ya juya injin da sifana har ɗigon ƙasa ya tsaya daidai da tsaginsa. Suka dubi na sama, ga shi ya wuce nasa. Tsohon ya ƙirga da yatsa: ɗaya, biyu.

Habila ya ce, "Haƙori biyu kawai?"

"Biyu kawai. Sarƙarka lafiya lau, filoginka lafiya, manka mai kyau ne. Sai dai ƙofofin suna buɗewa ba a lokacinsu ba."

Suka zare sarƙar, suka mayar da faifan sama wurinsa, suka sa ta. Habila ya ɗauko murfi zai rufe, Baba Filibus ya riƙe hannunsa ya ce, "Tukuna." Ya sa shi ya juya injin da hannu, a hankali, zagaye biyu cur, yana saurare ko wani abu zai taɓa wani. Da ɗigogin suka komo kan tsaginsu duka biyu, sa'an nan ya ce, "Yanzu rufe."

Rana ta yi sanyi kafin su gama. Habila ya murɗa makulli sau ɗaya, injin ya tashi yana numfashi lami lafiya.

Da gari ya waye suka kama hanya, suka isa ƙauyen da la'asar. Yayarsa ta riƙo hannun tsohuwar ta fito da ita daga ɗaki. Ta ƙanƙance, ta ranƙwafa. Habila ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, ga ni." Ta kama kansa da hannu biyu, ta juya shi wajen rana, ta matso da idonta na dama har yana jin numfashinta. Ta daɗe tana dubawa.

Sa'an nan ta ce, "Auta, ashe ka yi furfura. Fuskar ba ta fita mini sosai, amma farin gashin nan na gan shi. Ya ishe ni. Miƙo mini yaran."

Habila ya kifa kansa a gwiwarta ya yi kuka.

Ƙaunatattu, ga ma'anar wannan misali. Injin nan ranka ne da nawa. Faifan ƙasa shi ne ƙarfinmu da ayyukanmu, kai da kawowar da muke yi kullum. Faifan sama zuciya ce, gama ita ce take buɗe ƙofa take rufewa. Alamomin kuwa Maganar Allah ce. Mahaliccinmu ne ya sa su, ba mu ba, suna nan kuma ko da ba mu gan su ba. Abin da yake rufe su shi ne dattin shekaru: hidimomi, da sabo, da "ai na sani".

Ku lura, marmarin Habila ba mugu ba ne. Uwarsa yake so ya gani. Yawancinmu a nan muna ɗauke da irin wannan marmari. Wata tana jiran ɗanta da ya bar gida ya bar sujada. Wani yana so a shirya tsakaninsa da ɗan'uwansa. Wata kuma salama kawai take nema, irin wadda ta sani sa'ad da ta fara bin Yesu, yanzu ta neme ta ta rasa. Amma marmari mai kyau ba ya tayar da injin da ya gota. Habila ya kuskure lokaci sau biyu. Sa'ad da ya kamata ya tashi, ya zauna shekara tara. Sa'ad da ya kamata ya jira, kwana biyu suka fi ƙarfinsa.

In rai ya fara tari, mukan yi abin da ya yi. Mu canja aiki, mu canja abokai, wani har ya canja ikilisiya, mu tara mutane su tura mu da addu'a, alhali ba mu buɗe wurin da ya gota ba. Daga baya mu ce Allah ne ya tare hanya. Sau da yawa kuwa abin ba babba ba ne. Haƙori biyu ne: gafarar da ka hana, ko gaskiyar da ka ƙi faɗa.

Kada ka ji kunyar kwance abin da ka ɗaura da hannunka. Nemi dattijo cikin bangaskiya ya duba tare da kai. Bari Ruhu Mai Tsarki ya goge wurin, ko da zai ɗauki yini guda. In ka gyara kuma, kada ka yi garaje. Juya shi a hankali cikin addu'a, ka ga ko zuciyarka da ƙafarka sun tsaya a kan alama ɗaya.

Ubanmu na sama idonsa ba ya dushewa. Ko yaushe ka juyo, zai gane ka tun daga nesa. Amma mutanen da ya ba ka a duniya, su nasu idon yana dushewa. In akwai wanda yake jiran ya ga fuskarka, ka tafi tun yana iya ganinta.