Birnin da Ya Fi Duwatsun Niƙa

An ce wani sarki aka yi a zamanin da ya shuɗe, wanda ƙasarsa ta yi faɗi har mai doki yakan yi wata biyu bai kai bakin iyakarta ba. Birane goma sha biyu ne a ƙarƙashinsa, kowanne da ganuwarsa da hakiminsa. Allah ya ba shi duk abin da sarki yake nema, sai dai bai ba shi kwanciyar rai ba, don ba ya ƙaunar a yabi wani gari a gabansa. Akwai wani birni da fatake suka riƙa cewa ganuwarsa ta fi ta sarki tsawo. Kafin damina ta zagayo an mai da shi fili, har an shuka gero a inda kasuwarsa take. Tun daga ranar mutanen ƙasar suka koyi yin magana ƙasa-ƙasa.

Wata safiya sarki ya kira wazirinsa, sunansa Ƙasimu, dattijo mai sanyin hali, wanda bai kai ga furfura a fada ba sai don ya san lokacin da ake kame baki. Sarki ya ce, "Ya waziri, ina so ka zaga ƙasata ka jera mini biranena, daga wanda ya fi faɗa a ji har zuwa na ƙarshe. Ka sa nawa a cikinsu, kuma kada ka yi mini fadanci. Ka zo da shaidar da ido zai gani. Na ba ka kwana arba'in. In ka zo da ƙarya, ko ka zo hannu wofi, ka san inda hauni mai sare kai yake tsayawa."

Waziri ya faɗi ya ce, "Na ji, na bi, ya sarki."

Yana fitowa zaure sai ya tarar da Sarkin Yaƙi tsaye a kan maƙera, ana wasa masu, ana ɗaura wa gatura ƙota. Babu wanda ya gaya masa komai, amma nan take ya fahimci abin da ake shiryawa. Ya gane cewa duk birnin da ya ambata a farko, shi za a rushe. In kuwa ya ƙi ambato, wuyansa ne zai biya. Ya hau alfadarinsa ya fita.

Labari ya riga shi isa ko'ina, kamar yadda mugun labari ya saba. Da ya isa Zarmana, birnin maƙera da mayaƙa, bai ga hayaƙi ko ɗaya ba. An kashe wutar kowace maƙera, an tura dawakai daji. Hakiminsu ya tarye shi cikin tsohuwar riga, ya kama hannunsa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu nan ko allura ba mu iya ƙerawa ba. Ka je Kulfato ka ga birni."

Ya je Kulfato, wadda kasuwarta ke ciyar da rabin ƙasa, ya tarar da rumfuna wayam, attajirai masu ƙaton ciki zaune a bakin hanya suna yi masa kukan yunwa. Suka rantse masa Dambaje ce uwar birane. A Dambaje kuwa, garin malamai, an tura littattafai cikin rumbu, manyan shehunnai suna ta nuna masa cewa su ko alifi ba su gama sani ba. Da a wani lokaci ne, da waziri ya yi dariya har da hawaye, don waɗannan hakiman su ne suke cacar baki kowace shekara a kan wanda zai zauna kusa da sarki. Amma yanzu dariya ba ta zo masa ba. Kowace ƙofa ya wuce sai ya ga mata suna janye 'ya'yansu ciki, suna kallonsa kamar yadda ake kallon mai ɗauke da annoba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don shi bai taɓa ko marin wani ba.

Ranar kwana na talatin da biyu, da rana tsaka, ya sauka a gindin wata tsamiya a bakin wani ƙauye, ba shi da amsa, abinci ma ya daina shiga cikinsa. Sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya duba ya ga wani tsoho ya durƙusa a kan dutsen niƙa yana ƙodarsa da guntun ƙarfe. Sana'arsa ke nan: in dutse ya yi santsi ya daina cin hatsi, shi yake sassare fuskarsa ya dawo masa da kaifi. Ana ce masa Baba Nomau.

Tsoho bai ɗaga kai ba ya ce, "Kai ne wazirin da ake gudu?"

Waziri ya ce, "Ni ne, baba."

"Me ka auna a biranen da ka zaga?"

"Na auna ganuwa, na dubi kasuwa, na ƙirga dawakai inda ba a ɓoye su ba."

Tsoho ya ce, "Ka auna abin da ba ya tafiya da abin da ake iya ɓoyewa. Da ka tambaye ni, da na ce maka birnin da ya fi faɗa a ji shi ne wanda ya fi duwatsu, na ƙarshe kuwa shi ne wanda ƙasarsa ta fi ramuka."

Waziri ya ce, "Baba, raina a hannun wani yake. Ka warware mini."

Tsoho ya ajiye ƙarfensa ya ce, "Mace in za ta ganin gida, zane take ɗauka. In za ta kasuwa, ƙwarya take ɗauka. Amma ba ta tono dutsen niƙanta daga inda aka kafa shi, ta ɗora wa jaki ko ta ɗora wa kanta, sai in ita da mijinta sun yanke cewa ba za su dawo ba har abada. Ni shekara hamsin ina bin duwatsu, inda suka tafi nan abincina yake. Na birnin sarki jajaye ne, daga tsaunin bayan fada ake fasa su, babu irinsu a ko'ina. Da can nakan yi wata uku a birnin ban gama ƙodarsu ba. Bara kwana tara na yi."

"Ina suka tafi?"

"Tashi mu je ka gani."

Kwana biyu suka yi a hanya suka isa wani gari da ake kira Kwarin Gawo, wanda ko sunansa ba a sani a fada ba. Ba shi da ganuwa, ba shi da ƙofa, sai dangar kara. Amma gidaje sun bazu har ido ba ya ganin ƙarshensu. Tsoho ya riƙa yin sallama gida gida, matan suna yi masa maraba da sunansa, kuma a kowane tsakar gida waziri yana ganin jan dutse a kafe. Ya ga baƙaƙen duwatsun Zarmana da fararen Kulfato, amma jajayen sun rinjaye. Dagacin garin wani gurgun dattijo ne da ke zama a kan buzu yana sauraron ƙara, ba ya yanke hukunci sai ya ji bakin kowa, ko da mai ƙarar ɗansa ne.

Waziri ya samu amsarsa, kuma bai taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba. Ya ce, "Baba, ka kashe ni. Da ban sani ba, da na ambaci Zarmana, su ko ba komai suna da takubba. Waɗannan ko sanda ba su da ita. Rabin yini ya ishi Sarkin Yaƙi."

Tsoho ya ce, "Mutanen Zarmana me suka yi maka?"

Waziri ya ce, "Ba su yi mini komai ba, baba."

Tsoho ya ce, "Ka faɗi abin da ka gani. Sarki zai yi tambaya ta biyu, wannan ka bar mini ita. Ka sa a aro mana dutse ɗaya."

Ran kwana na arba'in da hantsi fada ta cika. Sarkin Yaƙi yana gefen dama da sulke a jikinsa, hauni yana bakin ƙofa ya dogara da takobinsa. Waziri ya shigo, tsoho yana biye da shi, bayi biyu suna ɗauke da dutsen a nannaɗe cikin tabarma.

Sarki ya ce, "Ya waziri, wane ne na farko?"

"Kwarin Gawo, ya sarki."

Sarki ya dubi fadawa, fadawa suka dubi ƙasa. Ya ce, "Ganuwarsa kamu nawa ce?"

"Ba shi da ganuwa."

"Mayaƙansa fa?"

"Babu ko ɗaya."

Sarki ya ce, "To ina shaida? In wasa ka zo yi da ni, ka zaɓi mummunar rana."

Aka warware tabarma. Sarki ya gane jan dutsen tsaunin bayan gidansa. Tsoho ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da tone dutsen niƙa yake nufi kamar yadda ya faɗa wa waziri, sannan ya ce, "Ya sarki, birnin da yake zaune a wurinsa bai kira kowa ba, amma yana kwashe wa sauran birane mutanensu, ai shi ne mai faɗa a ji. Irin wannan dutse sun fi dubu uku a can."

Fuskar sarki ta canja, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya miƙe tsaye ya ce, "Wane ne ya tara su? Wane ne ya raya wannan gari a bayan idona? Na rantse da wanda raina ke hannunsa, sai na sare kan wanda ya yi haka, sannan in ƙone garin!"

Waziri ya runtse ido, gurgun dagacin nan yana yawo a zuciyarsa. Sai ya ji muryar tsoho, a hankali kamar mai hira da maƙwabci.

"Ya sarki, ni na san shi, kuma zan nuna maka shi. Wannan dutse na matar wani marini ne. An kwashi mijinta aikin ƙara tsawon ganuwarka a tsakiyar damina, ginin ya rufto a kansa, ta zo fada sau uku ba a bar ta ta wuce zaure ba. A shekarar nan duwatsu ɗari huɗu suka bar birninka. Shekarar da aka karɓe gonakin fadama aka mai da su makiyayar dawakanka, ɗari bakwai suka bi. Shekarar da ka mai da wancan birni gonar gero kuwa, na daina ƙirgawa. Dagacin Kwarin Gawo gurgu ne, bai taɓa taka ƙofar kowa ya ce zo ba. Kai kake aika masa su, ya sarki. Babu wanda ya gina wannan gari sai kai."

Hauni ya gyara riƙon takobi yana jiran a nuna masa wuya, amma rantsuwar da aka yi kowa ya ji ta, kuma kowa ya ji a kan wanda ta faɗa.

Sarki ya juyo ga waziri. Ya ce, "Ya Ƙasimu, birnina na nawa ne a jerinka?"

Shekara talatin waziri yana tsira da shiru, yau kuwa shiru ya ƙare masa. Ya sa goshinsa a ƙasa ya ce, "Na ƙarshe, ya sarki. Na shiga unguwannin bayan kasuwa jiya kafin in iso. Gida bayan gida babu kowa, sai ramin da aka tone dutse."

Sarki ya koma ya zauna kamar wanda aka ɗora wa kaya a ka. Can ya ce wa tsoho, "In na ƙone garin fa?"

"Za su ɗauki duwatsunsu su ƙetare iyaka, ni ma in bi su."

"In na aika a kira su su dawo?"

"Ba kira ne ya fitar da su ba, ya sarki, kira ba zai dawo da su ba."

Sai aka ga abin da ba a taɓa gani ba a wannan fada: hawaye ya sauko a kumatun sarki har cikin gemunsa. Ya ce wa Sarkin Yaƙi ya sallami runduna kowa ya koma gonarsa. Ya ce a nemo matar marinin nan, shi da kansa zai saurari ƙararta, in ta ƙi zuwa shi zai je. Ya ce da liman ya sanar da shi kaffarar rantsuwarsa. Sannan ya sauko daga karaga ya ɗago waziri da hannunsa, ya tarar rigar dattijon ta jiƙe sharkaf da gumi, ya ji kunya.

Ya dubi fadawansa ya ce, "Na ƙarar da ƙuruciyata ina tsoron biranen da suka yi tsawo, ashe nawa ne yake zubewa ta ciki. Ku riƙe wannan daga bakina, ku gaya wa wanda zai gaje ni: ganuwa tana hana maƙiyi shiga, amma adalci ne kaɗai yake hana talaka fita."