Hannun Sallau a Jakar Ƙuri'a

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, shekarun baya da dama. Sallau ake ce masa. Ba malami ba ne, ba mai hali ba ne. Aikinsa a babban asibitin garin shi ne tura tukwanen iskar oksijin, dogayen nan na ƙarfe, daga sito zuwa ɗakin jarirai. Ya kai cikakkiya, ya ɗauko wadda ta ƙare. Shi ke nan aikin Sallau.

Ku matso, jama'a, ku saurara. Kai mai gyangyaɗi can jikin gini, a taɓa mini shi.

Ɗakin nan na bakwaini ne, 'ya'yan da suka zo duniya watanninsu ba su cika ba. Wanda bai taɓa shiga ba, Allah kada ya kai shi da nasa. Ɗaki cike da jarirai, amma babu kuka. Kukan ma ai sai da ƙarfi. Abin da za ka ji sai wani ɗan nishi, ih, ih, ih, daga wannan kwana, daga waccan kwana. Ka duba ƙirjin yaro, bai fi tafin hannunka ba, in ya ja numfashi sai ka ga fatar ta lotsa tsakanin haƙarƙari. Iyaye mata suna zaune jugum, ba mai hira, kowace ta kafa wa ƙirjin ɗanta ido. Ya ɗaga, ya sauka. Ya ɗaga, ya sauka. Wani lokaci a jira ya ɗaga, shiru.

To, akwai wata likita a ɗakin, Likita Rakiya, wadda mutuwar yaran nan ta hana ta sakat. Ta samo wata sabuwar na'ura: gorar ruwa ce da siririn tiyo zuwa hancin jariri, tana tura iska a hankali don kada huhun ya manne. Ruwan yana ta ɓul-ɓul-ɓul, har matan ɗakin suka sa mata suna Mai-ɓulɓul. Amma a lokacin babu wanda ya san ko ta fi tsohuwar hanya, wato oksijin zalla ta hanci. Wasu likitocin ma tsoro suke kada ta fasa huhun yaro. Sai aka ce a yi bincike, a gwada hanyoyin biyu a gani.

Ga yadda ake yi. A yi wa iyaye bayani. In sun yarda, sai a jefa ƙuri'a. Akwai wata baƙar jakar yadi cike da maɓallan riga, farare da baƙaƙe. Fari ya fito, a sa wa yaro Mai-ɓulɓul. Baƙi ya fito, tsohuwar hanya. Na ga wani ya yamutsa fuska. Malam, ƙuri'a ba caca ba ce, ba duba ba ce. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, in zai yi tafiya ai ƙuri'a yake jefawa tsakanin iyalinsa.

Likita Rakiya ta kira Sallau ta ce, "Malam Sallau, kai za ka riƙa sa hannu a jakar nan. In ni na zaɓa, zuciyata za ta karkata. Zan ba wanda ya fi ba ni tausayi, ko wanda na ga alamar zai tashi. A ƙarshe ba za mu san na'urar ce ta yi aiki ko zaɓina ba, mu je mu gaya wa duniya abin da ba shi ne ba, 'ya'yan mutane su mutu a kai. Kai ba ka duba kowa, ba ka da kowa a ɗakin nan."

Ya ce, "To, likita. Allah ya ba ni ikon riƙe amana."

Haka aka yi ta yi, wata da watanni. A kira shi, ya goge hannu a riga, ya yi bisimilla, ya zura, abin da yatsa ya fara taɓawa shi ne ya fito. Sannu a hankali sai magana ta fara yawo tsakanin mata, cewa farin maɓalli shi ne rai. Ba wanda ya tabbatar. Amma kun san magana, in ta fita ta fita.

Rannan da safe Sallau ya turo tukunya cikin ɗakin, sai ya ga wata mace zaune a gefen gado, an kawo ta daga ƙauye, ta haihu a hanya.  Dije ce, 'yarsa ta fari.

Ku yaran yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba, kuna saɓa naku a kafaɗa kuna zaga kasuwa. Mutanen da ba haka suke ba. Tun da aka yaye Dije kakarta ta ɗauke ta. Sallau bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, bai taɓa nuna ta ya ce wannan tawa ce ba. In dole ta kama sai ya ce "yarinyar nan". Ba ƙiyayya ba ce, wallahi son da yake mata ya fi ƙarfin baki. Kuma ya san abin da ta sha: haihuwa biyu ta yi kafin wannan, duka ta binne. Har an fara ce mata mai wabi.

Ta ɗaga kai ta gan shi, ta sunkuyar. Shi ma ya kau da kai, ya ɗaura tukunyarsa ya fita. Ba nas, ba likita, ba wanda ya san akwai wani abu tsakaninsu.

Aka yi wa mijin Dije bayani, ya yarda. Rana ta take tsaka aka aika a kira Sallau.

Kun dai san rana tsaka. Lokacin da iyayenmu suke hana yara fita. Ya biyo doguwar barandar asibitin, babu kowa, ko kaza. Masu jinya duk sun shige inuwa. Sai ga wani dattijo zaune a kan benci daf da ƙofar ɗakin jarirai, da farar riga tas, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Sallau, sannu da aiki."

Sallau ya amsa, yana ta tunanin inda ya san shi.

Dattijon ya ce, "Jikanka ne za a jefa wa ƙuri'a ko? Ɗan 'yar farinka, wadda ta binne biyu."

Sallau ya tsaya cak. Sai a lokacin ya lura ƙarar ɓul-ɓul ɗin da kullum ake jiyowa ta taga ta ɗauke. Ko kunnensa ne ya toshe, Allah masani.

"Maɓallan nan, ka taɓa shafa gefensu?" in ji dattijon. "Baƙin yana da ɗan kaushi. Farin sumul yake. Ba sata za ka yi ba, ba ƙarya za ka faɗa ba. Yatsa ne kawai zai ɗan dakata. Wa ya san 'yarka ce? Kai da bakinka ba ka taɓa faɗa ba."

Jama'a, muryar nan a tausashe take, kamar ta mai ba ka shawara don Allah. Abin da ya tayar wa Sallau da tsigar jiki shi ne, muryar ta yi kama da tasa. Kuma mutumin da ya shekara yana shiga ɗakin bakwaini, idonsa ya saba da abu guda, duban ƙirji. Ya dubi ƙirjin dattijon. Yana magana, yana murmushi, amma rigar ba ta ɗagawa, ba ta sauka.

 Sallau ya tura ƙofa ya shige.

Likita Rakiya ta miƙo jaka. Ga Dije can tana kallon ƙasa. Ga yaron, ih, ih, ih. Sallau ya zura hannu, yana fata a ransa maganar ƙarya ce. Ina! Gaskiya ce. Ga mai kaushi, ga mai kaushi, ga sumul. Sumul ɗin nan kamar da kansa ya zo ya kwanta tsakanin yatsunsa biyu. Abin da ya rage ya ɗaga hannu, shi ke nan.

Ku gaya mini, wa zai gani? Wa zai zarge shi? Ni kaina da nake zaune a nan ina gaya muku, ban san abin da zan yi ba.

Likita ta ce, "Malam Sallau, lafiya? Yaron nan ba ya jira."

Ya saki maɓallin. Ya zaro hannunsa wayam.

"Likita, ba ni zan ɗauka ba." Ya nuna Dije. "Yarinyar nan... 'yata ce. Dije. Ita ce ta fari a wurina."

Dije ta ɗago kai da sauri. Tun da take, ba ta taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba.

Ya ce, "Kuma maɓallan nan ana gane su da yatsa. Baƙin yana da kaushi."

Likita ta zura nata hannun, ta shafa, fuskarta ta canza. "Innalillahi. Tun yaushe ka sani?"

"Wallahi sai yau. Duk na baya, abin da na fara taɓawa shi na ɗauko."

Ta dube shi, ta yarda. Nan take ta sa aka kawo gwangwani, aka huda murfin, aka juye maɓallan ciki, ta ba wata nas ta girgiza har ɗaya ya faɗo da kansa. Ya faɗo a kan tebur, ya yi 'yar rawa, ya kwanta. Baƙi.

Dije ba ta yi kuka ba. Ta dai dubi mahaifinta, kallon da ya gwammace a ce mari ne.

Na ga fuskokinku. Kuna jira in ce yaron ya tashi, ya girma, ya zama wani babba. Da na iya, da na faɗa muku haka. An yi masa duk abin da ake yi, likita ba ta bar gefensa ba, ya yi 'yan kwanaki yana fama. Wata rana da hantsi aka jira ƙirjin ya ɗaga, bai ɗaga ba.

Sallau ne ya ɗauke shi a hannu, a naɗe cikin ɗan likkafani, ba nauyi ko kaɗan. Su kaɗan ne suka nufi maƙabarta. Suna cikin tafiya sai ga farar riga a bakin hanya, mutum tsaye cikin rana. Sauran suka wuce ta gabansa ba wanda ya yi masa sallama, ba wanda ya ko waiga. Da Sallau ya zo daidai da shi, sai ya ji a hankali: "Yatsa ɗaya, Sallau. Yatsa ɗaya kawai."

 Ya ƙanƙame gawar jikansa, ya ce, "A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim." Ya sake faɗa. Ya yi ta faɗa har bakin kabari, hawaye na bin gemunsa, bai waiwaya ba.

Ya koma aikinsa. Dije ta koma ƙauye, ko sallama ba ta yi masa ba.

Aka daɗe, bincike ya ƙare. Manyan likitoci suka zo daga wasu wurare suka duba yadda aka yi aikin, suka tambaya ko wani ya taɓa zaɓa da hannunsa. Likita Rakiya ta ce babu, kuma ta faɗa da gaba gaɗi. Suka karɓa. Sakamako ya nuna Mai-ɓulɓul ta fi. Daga ranar aka daina ƙuri'a a asibitin, duk bakwainin da numfashi ya yi wa wuya sai a sa masa ita.

Likita da kanta ta nemo Sallau a sito ta gaya masa. Ta ce, "Amma ka ji ni da kyau. Ko cikin masu farin, wasu sun rasu. Babu wanda zai rantse maka cewa da jikanka ya rayu."

Ya ce, "Kuma babu wanda zai rantse mini cewa da bai rayu ba."



Da Sallau ya so, da ya bar maganar nan ta mutu a cikinsa. Amma ya hau mota ya tafi ƙauyen Dije. Ya same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Ya tsuguna daga nesa, kamar baƙo. Ya ce, "An gama aikin nan. Farin ya fi. Na ce gara ki ji daga bakina."

Ta ci gaba da tankaɗe. 

Can ta ce, "Baba, da za a mayar da kai ranar, za ka ɗauko?"

Ya sunkuyar da kai. Ya san amsar da take so. Ya ce, "A'a."

Ta ajiye rariyar. Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Na sani. Shi ya sa na kasa tsanarka, na kuma kasa yafe maka. Har yanzu ban yafe ba, Baba." Ta share fuska da gefen zani, ta janyo tabarma ta shimfiɗa kusa da ita. "Taso daga cikin rana. Ka zauna ka ci abinci."

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Riƙon amana ba ciniki ba ne tsakaninka da Allah, ka ba shi gaskiya da safe ya biya ka da yamma. Wani lokaci za ka riƙe gaskiya ta ƙone maka hannu, kuma ba ka da wanda zai ce maka sannu. Ladan yana nan, amma ba kai ke sa masa rana ba. Sallau ya binne jikansa. Amma saboda hannunsa ya fito wayam, aka samu sakamakon da za a dogara da shi, 'ya'yan mutanen da bai sani ba suka shaƙi iska.

Kowane ɗayanku yana da jakar da aka ba shi. Kai mai rabon taki, kai mai duba jarrabawar yara, kai da aka ba rabon gado, ke da ake bar wa 'ya'yan maƙwabta ki raba musu abinci tare da naki. Wata rana naka zai shigo layi, kuma babu mai gani. A ranar za ka ji wata murya mai taushi, mai kama da taka, tana cewa ai ba sata ba ce, ai ba ƙarya ba ce. In ka ji ta, ka nemi tsari, ka zare hannunka, ka faɗi gaskiya da ƙarfi kowa ya ji, ko da muryarka tana rawa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana a ranar da ta fi nauyi. Allah ya ba jariranmu lafiya, ya sanyaya zukatan iyayen da suka rasa nasu. Ku ce amin.