Rantsuwa a Kan Busasshen Rafi

An yi wani mutum a garin Suki, mai sayar da maganin feshin auduga. Bayan shagonsa akwai rafin damina, wanda ke kwashe ruwan titunan gari ya zuba a tur'a, magudanar da ƙauyukanmu na ƙasa ke sha. Dokar gari ta hana gini a hanyar ruwa, ta kuma hana ajiye guba a bakinta.

Shago ya yi masa kaɗan. Ya cike rabin rafin da ƙasa, ya gina ɗakin ajiya, ya jera gangunan maganin.

Abdulmuttalib, dattijon kwamitin unguwa, ya kai shi kotu. Alƙali baƙo ne, kuma ya zo duba wurin a tsakiyar rani. Me zai gani? Yashi da sawun awaki.

Mai shagon ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya ce tun tasowarsa bai taɓa ganin ruwa ya bi nan ba. Alhali a cikin rafin nan ya koyi iyo. Ya tuna kuɗin da ya zuba a ginin, ya ƙarasa rantsuwar. Alƙali ya ba shi gaskiya da takardar hukunci.

A ƙofar kotu dattijon ya ce masa, "Alhaji, ni ka kayar. Sai ka kai wa hadari takardar."

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo. Ya bi hanyarsa ta kullum, ya ci gindin bangon, ya tafi da ganguna.

Kafin a yi shela, ƙauye biyu sun ɗebi ruwa. Kifi ya taso fari. Awaki suka kwanta. Yara huɗu aka kai asibitin Sinja, uku suka dawo. Wadda ba ta dawo ba 'yar Sabah ce, ƙanwar mai shagon.

Ya je gaisuwa. Sabah ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, ai ka ce ruwa ba ya bin nan."

Yana nan da rai. Ba a kiransa shaidar aure. In ya ce ya ga jinjirin wata, sai a jira wani.

Ya 'yan uwa, doka ba ta da ido sai na mai shaida. In ya rufe nasa, wa zai tsare mai sha a ƙasa? Hukuncin nan har yau ba a soke shi ba, kuma mutum uku sun yi gini a kan rafin da hujjarsa. Damina na tafe.

Allah ya kiyaye harsunanmu, ya kiyaye masu sha a bayanmu.